Idan aka ce mota ta tsaya a bakin ganuwa fa?

Abban Sadiƙ, Mandawari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Bayan la'asar na hau ɗan sahu daga wajen Ƙofar Mata zan shiga Kurmi karɓo ɗinki. Ba mu yi nisa ba muka cake. Wata ƙatuwar jif ce ta biyo hannun da ba nata ba, ta yi kiciɓis da kurkura mai lodin gawayi, kowa ya rantse ba zai ja baya ba. Mai jif ya ɗage gilashi ya kunna sanyi, shi kaɗai ƙwal a ciki. Bayansa 'yan sahu sun fi ashirin, kowanne da mutum uku ko huɗu, ga hayaƙi ga hon. Na miƙa wa direba kuɗinsa na faɗa lungu. Rabona da lungun nan tun ina makarantar allo. Inuwa tun daga bakinsa har ƙarshe saboda katangu sun matso juna, dattawa a kan dakali, wata yarinya da farantin awara, yara suna langa ba mai ce musu ku kauce. Minti goma bai cika ba ina gaban tela.

Shi ne nake tambaya. Birnin nan ai ba don mota aka gina shi ba. Ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Kurmi kuwa tun Muhammadu Rumfa. Jirgin ƙasa ma sai 1911 ya iso Kano, balle motar gida da ta zama ruwan dare jiya-jiyan nan. To me zai hana a ce motocin gida su riƙa tsayawa a bakin ƙofofi, cikin birni ya zama na masu ƙafa da keke da 'yan ƙananan ababen hawa? Ku faɗa min inda na yi kuskure.

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiƙ, tambaya ɗaya kafin mu yi nisa. Kana da mota?

Abban Sadiƙ, Mandawari:
Ina da mashin.

Sarkin Gardama:
Shi ke nan, an gane. Allah ya hore maka, ranar za mu sake jin ra'ayinka.

Alhaji na Kwari:
Malam Abba, maganarka da daɗin ji, amma kasuwa ba da daɗin baki take tafiya ba. Ni dila nake saukewa, ba ƙyalle ba. Dilar atamfa ɗaya sai ƙarti biyu sun haɗu suke ɗaga ta. Baƙina daga Maraɗi suke zuwa, da Damagaram, da Maiduguri, har Chadi. Mutum ya sayi kayan miliyoyi, ka ce masa motarsa na can nesa ya bi ɗan dako a ƙafa? Gobe sai ya nemi wata kasuwar. Kuma kar ka ce Kwari ai a Fagge take ba cikin ganuwa ba. Mun san halin ƙasar nan, yau a fara da Kurmi, gobe a ce Kwari da Singa da Sabon Gari. Kano da kasuwanci aka san ta. Duk abin da zai taɓa shigowar kaya da fitarsu, wuyan garin ya taɓa.

Maman Khairat:
Ni ba ta kasuwa nake ba. Ina aikin unguwarzoma, kuma a cikin birni aka haife ni, a nan na yi aure. Lungun da Abban Sadiƙ yake yabo da la'asar, ya zo ya gan shi ƙarfe biyun dare. Damina biyu da suka wuce maƙwabciyata naƙuda ta kama ta, haihuwa ta bakwai, jini ya ɓalle. Gidansu daga titi sai ka yi kwana huɗu. Mijin ya samo mota amma ba ta shiga. A bargo muka naɗe ta, maza huɗu suka kama gefe-gefe, ni ina gaba da fitilar waya ina cewa ku tsallaka kwata, ku yi hankali da dutse. An yi ruwa, ƙasa sai santsi. A kwana na uku ɗayansu ya zame, saura ƙiris su kayar da ita. Allah ya sa kwananta na gaba, ta tashi, amma jaririn bai zo da rai ba. Ba zan ce lungu ne ya kashe shi ba, rai na Allah ne. Sai dai tun daga ranar, duk wanda ya ce min a hana mota shiga wani wuri, gabana faɗuwa yake. Mu roƙonmu a buɗe mana hanya, ku kuna maganar a rufe.

Abban Sadiƙ, Mandawari:
Innalillahi. Allah ya sa mai ceto ne. Hajiya, wallahi wannan ban hango shi ba.

Injiniya Hadiza:
Allah ya jiƙan yaron. Maman Khairat, abin da kika faɗa shi ne ainihin maganar, kuma aikina ke nan, tsara gari na karanta. Bari in ɗan gyara fahimta. Babu wani mai hankali a duniya da ya tsara unguwar da motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana ba za ta shiga ba. Abin da ake ragewa shi ne motar da take ratsa unguwa don yanke, da wadda ake jibgewa a bakin hanya tun safe har dare.

Akwai wani gari a Sifaniya, Fontebedra, mutanensa dubu tamanin da wani abu. A 1999 suka samu sabon magajin gari, likita ne ma, ya fitar da motoci daga tsakiyar tsohon garin. Amma motar kawo kaya tana shiga, ta mara lafiya tana shiga, mai gareji a gidansa yana shiga. Abin da aka hana shi ne ratse da ajiye mota a titi. Aka yi musu filayen fakin a gefen gari. A Basalona kuwa, ita ma a Sifaniya, wani salon suka bi tun wajen 2016: a haɗa rukunin gidaje tara, uku sau uku, manyan motoci da bas su zagaye ta waje, na ciki kuma su yi tafiyar hawainiya, kilomita 10 a awa, kuma ba hanyar ɓullewa ta ɗaya gefen.

Yanzu mu dawo gida. Ki tuna titin da mijin nan ya tsayar da mota. Nawa ne faɗinsa a takarda, nawa ne ya rage bayan an jera motoci hagu da dama, an kafa tebura, an zube yashi da bulo? Mota ɗaya a tsaye tana cin wajen mita biyu da rabi a faɗi, mita biyar a tsawo. Girman ɗakin kwana ke nan. Idan mutum ya zo ya gina ɗaki a kan titi unguwa za ta tashi a kansa, amma ya ajiye mota mai girman ɗaki kullum, sai mu ce sannu da zuwa Alhaji. Sau da yawa abin da yake tare motar kashe gobara a garin nan ba ƙuncin titi ba ne, motocin da masu su suka kulle suka tafi ne.

Maman Khairat:
Anti Hadiza, na ji, kuma gaskiya ne a bakin titinmu akwai motoci biyu da tayoyinsu suka sace tun kafin korona, awaki ke kwana a ƙarƙashi. Amma ko an janye su, lungunmu dai ba zai ƙara faɗi ba.

Injiniya Hadiza:
Ba zai ƙara ba. Shi ya sa a irin wuraren nan ƙaramin abin ɗauka ake tanada, adaidaita da aka cire kujerar baya aka sa gado, a ajiye shi a hannun mai unguwa ko wani asibitin sha-ka-tafi, da direba mai kwana. A kuma shimfiɗa intalok a lungu, a rufe kwata da silab, a sa fitila. Kuɗin wannan duka bai kai na ƙafa ɗaya ta gadar sama ba. Ɗaya hanyar ita ce rusau, a yanka titi ta tsakiyar gidajen gado. Ki tambayi mutanen lungunku wa zai fara ba da zaurensa.

Ɗalibi a Fas:
Salam iyayena da yayyena. Ni ƙaramin cikinku ne amma ina zaune a irin garin da kuke siffantawa. Ina karatu a Fas ta ƙasar Maroko. Tsohon birninsu, Fasul Bali, yana cikin manyan wurare a duniya da mutane ke zaune babu mota. A nan masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda aka kafa a 859, kuma UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihi a 1981. Ranar da na fara shiga sai na ji kamar ina Kurmi: rumfunan dukawa, maƙera tagulla, marina, masu turare, kowa da layinsa. Tukunyar gas, siminti, lemon kwalba, duk a bayan alfadari da jaki da ɗan amalanke ake shigar da su. Idan ka ji an ce "balak, balak" to ka manne da bango, kaya ne tafe.

Amma kar in yaudare ku. Da yawan masu hali sun bar tsohon birnin sun koma sabon gari inda mota ke zuwa ƙofar gida. Wasu tsofaffin gidajen sai da aka tokare su da katako don kar su faɗo, wasu kuma an mai da su masaukin 'yan yawon buɗe ido. Abokina ɗan can ya ce kakarsa ta daina fita saboda hawa da gangara. Wato hana mota kaɗai ba ya riƙe mutane, sai an gyara ruwa da magudana da gidajen kansu.

Baba Malam, Yakasai:
Yaro ka yi magana, Allah ya yi maka albarka. Ni jikana ke rubuta min, ina faɗa. Na haura saba'in, na ga garin nan lokacin da jakuna ke shigowa da itace da hatsi ta Ƙofar Dawanau, babban ma'aikaci kuma abin hawansa keke ne, ya sa maƙalin wando ya tafi ofis ba wanda ya raina shi. Ba na cewa a koma can. Jaki ya yi zamaninsa.

Abin da nake so ku lura da shi, ku da kuke ta kawo sunayen garuruwan Turawa: rufe hanya ba baƙon abu ba ne a Kano. Duk Juma'a ana tare titi a gaban masallatai a shimfiɗa darduma, mai mota ya zagaya, bai taɓa kai ƙara ba. Ranar hawan Sallah da hawan Daushe da hawan Nassarawa, doki ne da hanya. Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, gari tsit har ƙarfe goma, yara su fito da ƙwallo kan kwalta. Ɗaurin aure a kafa rumfa a titi, zaman makoki a jera benci. Duk mun yarda da waɗannan. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu rufe hanya don tsoho ya tsallaka lafiya ko yaro ya je islamiyya. Ni yau shekara uku ke nan na daina zuwa masallacin da ke tsallaken titinmu sallar magariba, ba don ƙafa ta gaza ba, don ba mai tsaya min.

Sarkin Gardama:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ba na ja da ku. Amma rufewar awa biyu daban, ta har abada daban.

Ɗan Sahu Mai Haƙuri:
Ina ta karantawa ina jira in ji inda za a ajiye mu. Duk lokacin da manya suka ce za a gyara gari, a kanmu ake farawa. Yayana ɗan acaɓa ne, a watan Janairun 2013 aka wayi gari an hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Wata shida yana zaune kafin ya samu adaidaita. A 2022 aka ce mu daina aiki daga ƙarfe goman dare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, sai azahar ta yi ban haɗa kuɗin mai da balas ɗin mai mashin ba, abin da na samu bayan nan shi ne na cefane. Yanzu kuma a ce cikin birni ba shiga? Wa zai kai tsohuwa Kurmi da ƙullin kayanta? Mai jif ai bai san ta ba.

Abban Sadiƙ, Mandawari:
Ƙanina, ni ban sa ku a lissafin waɗanda za a hana ba. Ku ne ma kuke ɗauke da garin. Sai dai ku ma ku ji tsoron Allah da tsayawa a tsakiyar hanya ɗaukar fasinja.

Ɗan Sahu Mai Haƙuri:
Yaya, a nuna min inda aka ware mana mu tsaya, in ƙi.

Injiniya Hadiza:
Ya yi gaskiya. Adaidaita sahu a 2005 aka kawo ta zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da niyyar ɗaukar mata. Yau ita ce motar haya ta gari sukutum, aikin da ba don shi aka ƙera ta ba. Daga Bachirawa zuwa Bata, ko daga Na'ibawa zuwa 'Yankura, aikin doguwar bas ne mai cin mutum sittin ko fiye, wadda ke da layinta ita kaɗai ba mai shiga. Bas ɗaya irin wannan ta ɗebe fasinjan adaidaita goma sha biyar. Legas ta fara nata a 2008, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Su kuma 'yan sahu su zama masu ɗauka daga tashar bas zuwa cikin unguwa, gajeriyar tafiya, mai kaɗan, juyi da yawa. In babu wannan bas ɗin, ni ma ba zan sa hannu a hana kowa shiga da motarsa ba. Ba a ce wa mutum sauka sai an nuna masa abin da zai hau.

Alhaji na Kwari:
To ai gwamnati na ƙoƙari ta ɗaya ɓangaren. Ga gadar Ƙofar Nassarawa, ga ta Sabon Gari, ga Dangi, ga Hotoro, ga gadar ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa. Da can kafin ka wuce Dangi sai ka yi sallar la'asar a mota. Idan aka ci gaba da haka cunkoson zai ƙare ba sai an hana kowa komai ba.

Injiniya Hadiza:
Alhaji, ranka ya daɗe, gada tana warware mahaɗa ɗaya, gaskiya ne. Amma duk motar da ta hau sai ta sauko, kuma inda za ta sauko shi ne bakin kasuwarku, wanda bai ƙara ko taku ɗaya ba. Sannan duk sanda hanya ta yi sauƙi, wanda da yake barin motarsa a gida sai ya fito da ita. Bayan 'yan shekaru an koma gidan jiya. A Seyul ta Koriya ta Kudu, tsakanin 2003 da 2005, rushe wata babbar gadar sama suka yi a tsakiyar gari, suka tono rafin da aka binne a ƙarƙashinta, ya zama wurin shan iska. Mu kuma namu Jakara rufe shi muka yi muka ɗora titi. Ban ce laifi ba ne, wanda ya san warin Jakara a da ba zai yi kewarsa ba. Ina dai nuna cewa kullum amsarmu ɗaya ce, a ƙara wa mota wuri. Ka taɓa tsayawa ka kalli mace da goyo da yara biyu tana neman tsallaka titi a gindin gadojin nan?

Jikan Dabo:
Ai duk gadojin nan jagoranmu ne ya fara su, sauran kwaikwayo suke. A faɗi gaskiya komai ɗacinta.

Kwamared:
Ga su nan sun iso. Wa ya ƙarasa wadda aka bari rabi?

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, dokar zaure tana nan. Ba hula ba jam'iyya. Wanda ya ƙara zan goge. A ci gaba da maganar hanya.

Malama Bilki, Gwale:
Ni abin da ba a taɓo ba shi ne rana. Masu kawo misalin Turai, can sanyi ne. Nan a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ga azumi wani lokacin. Ina koyarwa a firamare, tafiyar minti goma sha biyar ce daga gida, amma in an tashi ƙarfe ɗaya da rabi wallahi gara in biya ɗan sahu. Titin babu bishiya ko ɗaya, duk darbejiyar da na taso na gani an sare an yi shaguna. Ga hijabi, ga jakar littattafai.

Sai na biyu, tsaro. Wurin da babu mota babu ɗan sahu, bayan isha'i wa zai bi? Ƙanwata a lungu aka tare ta da wuƙa aka karɓe waya, ƙarfe takwas ma ba ta yi ba. Mace ta fi samun natsuwa inda ake wucewa.

Baba Malam, Yakasai:
'Yata, maganar rana ki duba da kyau, a ina take dukan ki? A sabon titi mai faɗi. Shiga lungun Yakasai da tsakar rana ki ji. Magina na da ba su yi jami'a ba amma sun san rana. Katangar ƙasa mai kauri, hanya siririya mai lanƙwasa, soro mai sanyi a bakin kowane gida. Kwalta da kwano da siminti su suka dafa garin. Maganar 'yan ƙwace kuwa, a da kowane lungu akwai dattijo a dakali har a yi shirin kwanciya, baƙo bai isa ya wuce ba a tambaye shi gidan wa yake nema ba. Yanzu an rushe dakalin an yi gareji, an sa ƙofar ƙarfe, kowa ya shige. Ba mota ce ke tsaron hanya ba, idon mutane ne.

Malama Bilki, Gwale:
Haka ne Baba, amma dattawan sun tafi, samarin da suka gaje dakalin su ne abin tsoron. Sai dai a haɗa da fitila da 'yan sintiri.

Injiniya Hadiza:
Da mai shayi da mai tsire da mai kanti. Hanyar da ke da masu sana'a har sha ɗayan dare ta fi wadda motoci ke wucewa a guje aminci. Shi ya sa ba na goyon bayan a kori 'yan tebur gaba ɗaya, a dai ja musu layi.

Sarkin Gardama:
Duk kun bar babbar maganar. A garin nan mota ba abin hawa ba ce kawai, shaida ce. Je ka zance a ƙafa ka ga yadda ƙannen yarinya za su gaishe ka, ka koma da mota ka ga bambanci. Ɗan kasuwa ya zo ɗaurin aure a keke, kafin a shafa fatiha an ce ya karye. Ku canza wannan tukuna.

Maman Khairat:
Wannan kam ba ƙarya. Amma mutanen nan dai su ne in sun je Makka da Madina suke taka ƙafa daga masauki zuwa Harami sau biyar a rana, cikin ranar da ta fi tamu, su dawo suna ba da labari da alfahari. A Mina da Arfa ma akwai jirgin ƙasa da ake cusa alhazai a ciki tun 2010, attajiri da talaka a tarago ɗaya.

Sarkin Gardama:
Can lada ake nema, Hajiya.

Alhaji na Kwari:
Na sake tunani a kan maganar Injiniya. Gaskiya ko yanzu manyan motocinmu ba sa iya sauke kaya da rana, sai dare ko da asuba, daga nan 'yan dako da masu kura su ɗauka. Wato rabin abin da kuke faɗa muna yin sa ba da suna ba. Kuma motocin da suka cushe gaban layinmu, in za a faɗi gaskiya, namu ne mu masu shaguna, mu ajiye tun tara na safe sai shida. Baƙon da nake kare wa hanya shi ba ya ma samun wurin tsayawa. Idan za a yi fili mai tsaro a kusa, da inuwa, ni zan ajiye tawa a can.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ranar da aka kafa shinge aka ce wannan ya shiga wannan kar ya shiga, an buɗe wa wani kasuwa. Mai shingen zai ɗaga wa wanda ya miƙa ɗari biyar, ya ɗaga wa mai baƙin gilashi da jiniya, ya tsare mai kurkurar da ke neman abincinsa. Filin fakin ɗin kuma bayan shekara biyu a wayi gari an yanka shi shaguna. Mun ga irinsa ba sau ɗaya ba. Ba tsarin nake tsoro ba, masu riƙe shi.

Injiniya Hadiza:
A nan ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, Alhaji. Abin da na sani shi ne turakun kankare ba sa karɓar ɗari biyar. Inda aka dasa su da tazarar da adaidaita da gadon mara lafiya za su wuce amma jif ba za ta wuce ba, ba a bukatar mai gadi. Hanya ɗaya ko biyu ta gaggawa kuma a sa mata ƙarfe mai kwaɗo, makulli a hannun mutanen unguwa da 'yan kwana-kwana. Kigali ta Ruwanda ma ba da rufe gari suka fara ba, titi ɗaya suka ware a tsakiyar birni, sannan daga 2016 suka riƙa rufe wasu tituna da safiyar wasu ranakun Lahadi. Bogota ta Kolombiya a 1974 ta fara irin wannan, yanzu duk Lahadi take yi. A gwada a ƙaramin wuri, in bai yi ba a tumɓuke turakun.

Abban Sadiƙ, Mandawari:
To na janye maganar bakin ganuwa, na ga na ɗebo da faɗi. Ga abin da ya rage a hannuna. Layinmu guda ɗaya, daga bakin titi zuwa makarantar islamiyya, bai fi taku ɗari uku ba. Masu yanke ne suka mai da shi hanya, yara biyu aka buge a cikinsa bana. Zan je wurin mai unguwa da limaminmu in ce a gwada hana ratse da ajiye mota a ciki, a bar 'yan sahu da masu kawo kaya da safe. Matsalar, mutum shida ne masu mota a layin, kuma biyu daga ciki sun girme ni.

Sarkin Gardama:
Tunda abin ya zo nan bari in faɗi wani abu, kar a yi min dariya. Ni ma motata ba ta kwana a gida. Lungunmu ba ta shiga. A harabar wani gidan mai nake barin ta, ina ba maigadi ɗan wani abu duk wata, in taka minti bakwai zuwa gida. Shekara tara ke nan. A hanyar nake sayen burodi, in gaisa da mutane, in biya ta wurin mahaifiyata.

Ɗan Sahu Mai Haƙuri:
Ashe Yallaɓai tun tuni kana zaune a Fontebedra ba ka sani ba.

Sarkin Gardama:
Kai, kiyaye ni. Ni dole ce ta sa, ba ra'ayi ba.

Injiniya Hadiza:
Abban Sadiƙ, kafin ka je wurin mai unguwa mu auna layin. Ranar Asabar bayan tsafta zan zo da tef. Ka samo yara biyu su zauna da takarda daga bakwai zuwa tara na safe ranar makaranta, su ƙirga mai ƙafa nawa ya wuce, keke nawa, ɗan sahu nawa, mota nawa, kuma cikin motocin nawa ne na 'yan layin. Dattawa sun fi jin lissafi a kan labarin Sifaniya. Masu mota shidan nan kuma ka fara nemo musu inda za su ajiye kafin ka buɗe baki.

Maman Khairat:
In za ku auna ku kira ni. Zan aro gadon tura mara lafiya daga wurin aikinmu mu tura shi tun daga gidan ƙarshe har bakin titi, da mutum a kai. Duk inda ya maƙale a sa alama da jan fenti. In ya fita lafiya, ni da kaina zan bi gida-gida in yi wa matan layin bayani.

Sarkin Gardama:
Wa za a ɗora a gadon?

Maman Khairat:
Kai, tunda ka saba da hanyar. Ka zo ƙarfe goma da rabi, kar ka karya da nauyi.